Malaman Jami'a a Bakin Makirufo: Daga Ina Aka Faro, Kuma Me Ya Sa Wasu Suka Kai Saƙo Wasu Suka Kasa?

Mai Nazarin Rediyo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun makon jiya da muka taɓa maganar yadda gidajen rediyo ke gayyatar malaman jami'a su yi fashin baƙi a kan al'amuran yau da kullum, na ga ya dace a ba maganar fili nata na musamman, domin tana da dogon tarihi, kuma ba da sharhin siyasa ta fara ba. Da hasashen yanayi da farashin amfanin gona ta fara.

A Jami'ar Wisconsin ta Amurka, wani farfesan kimiyyar fiziks mai suna Earle Terry da ɗalibansa sun harhaɗa na'urar watsa saƙo a sashensu, aka ba ta lambar gwaji 9XM. A ƙarshen shekarar 1916 suka fara aika hasashen yanayi a kai a kai ta hanyar ƙwanƙwasa irin ta tangaraho, wadda sai wanda ya koyi karanta ta yake ganewa. A farkon 1921 aka koma aikawa da muryar mutum, daga baya aka ƙara da farashin kasuwa, sannan a watan Janairun 1922 tashar ta samu sunan WHA, wanda take amfani da shi har yau. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa tunanin ya riga na'urar zuwa. Tun a 1905 shugaban jami'ar, Charles Van Hise, ya bayyana cewa hankalinsa ba zai kwanta ba sai amfanin jami'ar ya isa kowane gida a jihar, kuma daga baya aka riƙa taƙaita wannan manufa da cewa iyakar jami'a ita ce iyakar jiha. Saboda haka da rediyo ya zo, sai ya tarar da malaman da tuni suke ganin mai kiwon shanun madara a ƙauye yana da haƙƙi a kansu kamar ɗalibin da ke cikin aji. A 1931 tashar ta buɗe darussa ga 'yan makarantun firamare, a 1933 kuma ta buɗe na manya.

Tambayata ga zauren nan ita ce, a cikin shekaru ɗari da 'yan kai da aka yi ana wannan aiki, mene ne ya raba malaman da suka kai saƙo da waɗanda aka riƙa murɗa akwati a bar su suna magana su kaɗai?

Baba Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka da ka tayar da wannan magana. Ni dai a wajena rediyo makaranta ce ta biyu. Lokacin da nake kwalejin horon malamai, akwati ɗaya muke da shi a ɗakin kwana, kuma kuɗin batir karo-karo muke yi. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma mu da muka tashi a wannan zamani mun ɗauka cewa su biyun tagwaye ne, ɗaya ya nemo ilimi ɗaya ya raba shi. Jama'armu ba baƙi ba ne ga ɗaukar karatu ta kunne, domin zaure da majalisin malami sun riga rediyo da ɗaruruwan shekaru, kuma duk wanda ya ga yadda gari ke yin tsit idan an sa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da azumi ya san cewa Bahaushe yana iya zama sa'a guda yana sauraron karatu mai zurfi. Don haka idan malamin jami'a ya yi magana ba a saurare shi ba, ban yarda a ɗora wa mai sauraro laifin ba.

Tsohon Furodusa:

Baba, ranka ya daɗe, na yarda da kai, kuma zan ƙara da abin da aikin shekara talatin a ɗakin watsa shirye-shirye ya koya mini. Kuskuren farko da jami'o'in Amurka da dama suka yi shi ne ɗaukar makirufo su dasa a gaban malami a cikin aji, su ce an kai ilimi ga jama'a. Malami yana nuna allo yana cewa a dubi nan, alhali mai sauraro ba ya ganin komai sai bangon ɗakinsa. Ɗalibi yana haƙuri da irin wannan domin jarrabawa na jiransa, amma wanda ya dawo daga gona a gajiye babu abin da ya ɗaure shi.

Waɗanda suka fara gano bakin zaren su ne mutanen Jami'ar Chicago. A watan Fabrairun 1931 suka fara wani shiri a tashar WMAQ mai suna Round Table, wato zaman tattaunawa a kewaye da teburi. Malamai uku ne suke zama su ɗauki batu guda su yi ta musayar ra'ayi ba tare da karanta takarda ba, kuma batun da suka fara da shi shi ne dokar hana sayar da giya, wadda ta raba kan Amurkawa a lokacin. A 1933 babban kamfanin rediyon Amurka mai suna NBC ya ɗauki shirin ya riƙa watsa shi a faɗin ƙasar ranar Lahadi, kuma bai tsaya ba sai 1955. Teburin da suke zama ma mai kusurwa uku ne, domin kowane malami ya riƙa kallon idon abokan maganarsa maimakon ya sunkuya a kan takarda. Bayan an watsa shirin, ana buga abin da aka faɗa a ƙaramin littafi a sayar wa masu so a kan kuɗi kaɗan.

Na ga gaskiyar wannan da idona. Akwai wani shehun malami da na taɓa gayyata, ya zo da muƙala mai shafi ashirin, ya karanta ta tiryan-tiryan, ni kaina da nake riƙe da agogo ban tsinci komai ba. Mako biyu bayan haka na zaunar da shi da wani abokin aikinsa da suka saɓa a kan batun, na karɓe takardun na ajiye, sai ga mutumin nan yana kawo misalai da karin magana, har wasiƙu suka riƙa zuwa ana neman a maimaita. Iliminsa bai ƙaru ba a cikin mako biyu, abin da ya canza shi ne ya samu wanda zai ja da shi.

Malama Mai Koyar da Tarihi:

Malam Furodusa, Allah ya ƙara lafiya. Bayaninka a kan salon magana gaskiya ne, amma ina jin tsoron kada mu tafi da fahimtar cewa tashoshin jami'o'in Amurka sun mutu ne kawai saboda farfesoshi ba su iya magana ba. Wannan ita ce hujjar da 'yan kasuwar rediyo suka riƙa yaɗawa a wancan lokaci, kuma suna da dalilinsu na yaɗa ta.

Tsakanin 1921 da 1936 an ba makarantu da jami'o'i lasisin rediyo 202 a Amurka, amma zuwa farkon 1937 guda 38 ne kacal suka rage. Babban abin da ya karya su shi ne rabon zango. Bayan dokar rediyo ta 1927, hukumar da aka kafa ta sake raba mitoci a 1928, ta ba manyan tashoshin talla wurare masu kyau da ƙarfin wuta mai yawa, ta tura tashoshin jami'o'i su riƙa raba mita ɗaya da wasu, sau da yawa kuma da rana kawai aka yarda su yi aiki, lokacin da manomi yana gona, ma'aikaci yana wajen aiki. Ga kuɗin lauya na kare lasisi a birnin Washington, ga karayar tattalin arziki ta 1929 da ta cinye kasafin jami'o'i. A 1934 sanatoci biyu, Wagner da Hatfield, suka kawo gyaran doka da zai ware kashi 25 cikin ɗari na mitoci ga tashoshin da ba na neman riba ba, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi. A 1945 aka keɓe wa ilimi wani yanki na zangon FM, daga mita 88 zuwa 92, a lokacin da mutane kaɗan ne suke da akwatin da ke kama FM ɗin.

Shi kansa shirin Chicago da ka yaba, ba daɗin baki kaɗai ya raya shi ba. Kamfanin NBC yana bukatar irinsa domin ya nuna wa hukuma cewa yana yi wa jama'a hidima, sannan daga 1938 Gidauniyar Sloan ta zuba masa kuɗi bayan William Benton, wanda tsohon ɗan kasuwar talla ne, ya zama mataimakin shugaban jami'ar. Wisconsin kuma ta tsira ne domin gwamnatin jiha ta ɗauki tashar a matsayin nauyin da ke wuyanta. Ni a ganina, kafin a tambayi yadda malami ke magana, sai a tambayi wa ke riƙe da tashar, kuma da ƙarfe nawa aka ba shi fili.

Tsohon Furodusa:

Malama, ranki ya daɗe, na karɓi gyara a kan alƙaluman nan, kuma maganar lokaci ta taɓa ni, domin na sha ganin an ture shirin ilimi daga bayan sallar isha'i zuwa ƙarfe sha ɗaya na safe saboda wani ya zo da kuɗi ya sayi filin. Amma ban janye maganata gaba ɗaya ba. Ko da an ba malami fili mafi tsada a daren Juma'a, idan ya zo yana karanto muƙala da Ingausa, rabin jimla Hausa rabi Turanci, mutane za su koma wajen sojojin baka, waɗanda ba su da ilimin da yake da shi amma sun san yadda ake riƙe kunne. Fili da iya magana kamar ƙafa biyu ne, kuma na ga shirye-shirye sun faɗi ta kowane ɓangare.

Ɗalibar Aikin Jarida:

Ina gaida iyayena da malamaina. Ina da tambaya ga Malam da ya buɗe zancen. Duk misalan da aka kawo na Amurka ne, inda talla ke juya rediyo. To a Ingila, inda BBC ba ta dogara da talla ba, shin malaman jami'a sun fi samun sauƙin isa ga talaka, ko kuwa can ma akwai tasu matsalar?

Mai Nazarin Rediyo:

Tambaya mai kyau, ƙanwata. A Ingila fili bai zama matsala ba, domin John Reith, wanda ya jagoranci BBC tun kafuwarta a 1922, ya ɗauki ilimantarwa a matsayin ginshiƙin aikin gidan. Matsalarsu ita ce wadda Malam Furodusa ya ambata, kuma wadda ta fi kowa yaƙi da ita mace ce, Hilda Matheson, da ta zama shugabar sashen jawabai a 1927. Ita ce ta riƙa zaunar da manyan masana tana sa su sake rubuta jawabinsu yadda zai yi kama da mutum yana yi wa mutum ɗaya magana a ɗakinsa, ba yana yi wa taro huɗuba ba. A 1929 aka fara buga mujallar The Listener domin adana waɗannan jawabai, kuma ta rayu har 1991.

A watan Satumban 1946 BBC ta buɗe tasha ta uku domin ilimi mai zurfi da adabi da kiɗan gargajiyar Turai. A nan ne a watan Maris na 1949 masanin taurari na Jami'ar Cambridge, Fred Hoyle, ya fara amfani da sunan Big Bang, wato babbar fashewa, yana bayanin ra'ayin da shi kansa bai yarda da shi ba game da farkon sararin samaniya, kuma sunan ya bi duniya har ya shiga littattafan makaranta. Sai dai masu sauraron tashar kaɗan ne ƙwarai, aka yi ta zarginta da cewa masu digiri ne ke yi wa masu digiri magana da kuɗin talakawa, har aka rage mata sa'o'i a 1957.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne laccocin Reith na shekara-shekara, waɗanda BBC ke watsawa, kuma masanin falsafa Bertrand Russell ya buɗe a 1948. 'Yan Afirka sun hau wannan mumbari: Robert Gardiner na Gana a 1965, Ali Mazrui na Kenya a 1979, da Wole Soyinka a 2004. Na Mazrui sun tayar da ƙura, domin a cikinsu ya kawo hujjar cewa yaɗuwar makaman nukiliya zuwa ƙasashe masu tasowa, har da Afirka, na iya tilasta wa manyan ƙasashe su yarda a kwance ɗamarar gaba ɗaya. Bayan haka ya yi shekaru yana da kujerar farfesa a Jami'ar Jos. Sannan akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda ɗan siyasar Birtaniya Harold Wilson, wanda daga baya ya zama firaminista, ya fara ambata a 1963 da sunan jami'a ta iska, ta ɗauki ɗalibanta na farko kimanin 25,000 a 1971, ana koyar da su ta rediyo da talabijin da darussan da ake aikawa ta gidan waya.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga manyanmu baki ɗaya. Na bi muhawarar tun daga farko, kuma na lura cewa duka ɓangarorin biyu suna kallon mai magana ne, Malam Furodusa yana duba bakinsa, Malama tana duba wanda ya ba shi fili. Ina so mu juya mu dubi mai sauraro, domin a nan ne Afirka ta yi abin da ya cancanci a tuna.

Asalin dabarar daga Kanada take. Daga 1941 zuwa 1965, manoma a can suna taruwa a gidan ɗayansu kowane daren Litinin, sun riga sun karanta takardar da aka aiko musu a kan batun mako, su saurari masana na rabin sa'a, su tattauna, sannan su rubuta matsayarsu a aika, a karanta ta a shiri na gaba. Hukumar UNESCO ta kai tsarin Indiya a 1956, ya iso Gana a 1964. A nan Nijar kuwa an kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, tun kusan shekara goma kafin a fara karatun jami'a a Yamai. Masu jagorantar kulob, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan karkara, suna yawo da rikoda suna ɗaukar muryoyin mutanen ƙauye da Hausa da Zabarmanci, a haɗa da bayanin masana, a watsa, a sake taruwa a yi muhawara a kai. Mahaifina yana cikin waɗanda aka taɓa ɗaukar muryarsu a kan maganar gyaɗa, kuma har ya rasu yana ba da labarin ranar da ya ji kansa a akwati.

Inda jami'a ta shiga wannan aiki da ƙarfinta shi ne Tanzaniya. Cibiyar ilimin manya ta Jami'ar Darussalam ta jagoranci gangamin Mtu ni Afya a 1973, ma'ana mutum shi ne lafiya. An horar da shugabannin rukuni dubbai, aka buga littattafai da Swahili, aka yi mako 12 ana watsa darussa a kan zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsabtar ruwa, kuma kimanin mutum miliyan 2 suka shiga. Kowane rukuni sai ya yanke abin da zai aikata bayan darasi, shi ya sa aka haƙa masai dubu ɗaruruwa a wannan shekara. Masanin bai fi na Chicago iya magana ba, amma an shirya masa waɗanda za su amsa.

Malamin Gona:

Ɗan uwa na Maraɗi ya faɗi abin da ke raina. Mu a fagen noma wannan shi ne abincinmu na kullum. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona, kuma kusa da ita akwai cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne ɗauko sakamakon bincike ta mayar da shi harshen da manomi zai gane, ta rediyo da ƙasidu da horar da malaman gona. Haka kuma Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi amfani da Rediyon Kaduna wajen isa ga Fulani a rugage. To amma abin da na gani a fili shi ne, idan farfesa ya yi bayanin sabon irin masara ko maganin wuta-wuta a rediyo, manomi yana ji, yana kuma yarda, sai dai ba ya taɓa canza abin da ya gada sai ya samu wanda zai tambaya ido da ido, ko ya ga gonar gwaji a bakin hanya. A ƙauyukan da muka haɗa manoma rukuni-rukuni suna saurare tare, tambayoyin da suke aiko mana sun sha sa masu binciken kansu su koma su sake duba abin da suka ɗauka sun gama sani, musamman a kan haɗa gero da wake a gona ɗaya, wanda manomanmu suka riga masana fahimtar amfaninsa.

Malama Mai Koyar da Tarihi:

Na ji daɗin inda maganar ta kai, kuma zan faɗi wani abu a kan mu malaman jami'a, ko da zai yi ɗaci. Yau jami'o'inmu da dama suna da tashoshinsu, tun daga Jami'ar Legas da ta fara samun lasisi a 2002 har zuwa Bayero da Ahmadu Bello, kuma tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita. Sashen Hausa na BBC, da ya fara a 1957, da na Jamus da Faransa, kullum suna neman masanin da zai yi bayani. Fili ya samu fiye da kowane lokaci a baya. Amma yawancin abin da ake kiranmu mu yi shi ne sharhin minti uku a kan labarin da ya faru jiya, ba darasi mai jere da mutum zai bi mako-mako har ya fita da wani abu a kansa ba. A sashen Faransanci na RFI, masanin tarihi ɗan Gini Ibrahima Baba Kaké, daga bayansa kuma Elikia M'Bokolo na Kwango, sun shafe shekaru masu yawa suna koyar da tarihin Afirka a shiri guda, har ya zama makaranta ga mutanen da ba su taɓa shiga jami'a ba.

Dalilin da ya sa irin wannan ya yi mana wuya ba ɓoyayye ba ne. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, muƙalar da aka buga da Turanci a mujallar da mutum hamsin za su karanta ita ake ƙirgawa, shekara guda ta darasi da Hausa ga mutum dubu ɗari kuwa ba ta da maki ko ɗaya a takardar. Ni kaina na taɓa fara jerin darussa a kan tarihin kasuwancin Sahara, na yi mako tara na daina, domin shirya darasin rabin sa'a da Hausa tsantsa yana cin mini kwana biyu, kuma babu wanda ya rage mini ko aji ɗaya saboda shi. Har yau idan na tuna wasiƙar wani tela da ya rubuto yana tambayar dalilin da ya sa shirin ya tsaya, sai in ji nauyi a zuciyata.

Tsohon Furodusa:

Malama, wannan darussa tara da kika yi, ko kina da kwafinsu? Ina tambaya ne domin a gidan da na yi aiki, idan faifan ɗauka ya ƙare kuma babu kuɗin sayen sabo, tsohon shiri muke gogewa mu ɗora sabo a kai. Da hannuna na goge hirarraki da malaman da yanzu ba su da rai, kuma babu wata mujalla irin ta Ingila ko ɗan littafi irin na Chicago da ya adana abin da suka faɗa.

Malama Mai Koyar da Tarihi:

Rubutun guda shida yana nan a wajena, amma muryar ban da ko ɗaya.

Baba Tsohon Hedimasta:

To ku saurara, 'ya'yana. Tun wajen 1978 da na sayi rediyo mai kaset, duk lokacin da na ji za a sa wani malami a kan tarihi ko harshe ko lafiya, sai in danna ɗauka, in rubuta kwanan wata da batun a jikin kaset ɗin. Suna nan cikin kwali biyu a ƙarƙashin gado, ban ƙirga ba amma sun haura ɗari, kuma ina jin har da wasu daga cikin na Malama, domin na tuna darasin da aka yi a kan ayarin Agadas da gishirin Bilma. Idona ya yi rauni, kuma na'urar da nake saurare da ita ta fara cin zare. 'Yata ɗalibar aikin jarida, idan a sashenku akwai abin da ake mayar da kaset cikin kwamfuta, ki nemi izinin malamanku ki turo mini saƙo ta akwatin sirri, in sa jikana ya kawo miki kwali na farko ranar Asabar. Ki fara da waɗanda na yi wa jan alama, domin su ne suka fi tsufa.